Kaurin Kokon Inna

Ni mai gaggawa ce, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Tun ina yarinya idan aka aike ni sai in zura da gudu kafin a gama faɗa mini saƙon, in dawo da rabinsa, a sake tura ni. Inna, wato mahaifiyata, takan ce ba ta san inda na kwaso wannan hali ba, don ita ko kaza ce ta shiga mata ɗaki sai ta ƙarasa abin da ke hannunta kafin ta kore ta.

Sana'arta koko. A lungunmu na cikin birni, duk wanda ya tashi a shekarun nan da kokon Inna ya yi wayo. Gero take jiƙawa, ta haɗa da farar masara, ta zuba citta da kanumfari da masoro, a kai inji a markaɗo. Sai ta tace da ƙyallen tata a cikin manyan bahuna guda biyu, ta rufe, ta bar shi ya kwana. Da safe ruwan tsamin ya taso sama, gasarar ta kwanta a ƙasa. Aikina shi ne in tsiyaye ruwan in kwalfo mata gasarar, kuma a nan muka daɗe muna rigima da wannan abu.

Idan na caka ludayi da ƙarfi, sai gasarar ta ƙi, kamar daɓe na caka. Ludayin duma biyu na karya a haka. Idan kuwa na ɗora ludayin a kanta na sake shi, sai ya nutse da kansa a hankali. In na dumbuzo ta a hannu ina matsawa, ta dunƙule ta yi tauri har ta tsage. Da na buɗe tafin hannuna sai ta narke ta zurara ta tsakanin yatsuna. Na daɗe ina zaton tana da rai, kuma ni ce ba ta so. Ranar da na karya ludayi na biyu, Inna ko ɗagowa ba ta yi ba daga hura wuta, ta ce, "Ba ta son dole. Ki aje mata hannu kawai, ita za ta ba ki hanya."

Dafaffen koko kuwa halinsa daban ne, kusan akasin wancan. Idan aka dama gasara aka sheƙa mata tafasasshen ruwa, ta yi kauri, to a bar ta haka. Da an cika juya shi da ƙarfi sai ya tsinke, ya koma tsararo. Shi ya sa Inna ba ta yarda kowa ya sa ludayi a robar kokonta ba. Daga gefe take ɗiba, ba ta motsa tsakiya, kuma na sha duka a bayan hannu saboda son juyawa. Ina faɗin wannan ne tun yanzu don kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba. Na sani tun ban kai shekara goma ba.

Inna ta haura saba'in lokacin da hawan jini ya kayar da ita a gaban murhu wata safiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mun yi mako uku a asibiti. Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai haƙuri, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce maƙogwaron Inna ya yi sanyi, ƙofar da ke rufe hanyar numfashi idan mutum zai haɗiye abu ba ta rufewa da sauri kamar da. Duk abin da yake ruwa-ruwa zai riga ƙofar, ya gangara huhu, kuma idan ya shiga can yana iya zama ciwon da tsohuwa ba za ta ɗauka ba. Saboda haka ba ruwa, ba shayi, ba romo. Komai sai mai kauri, ko ruwan da jikinta ke buƙata a cikin kunu za ta same shi. Ta ɗauki cokali ta nuna mini gwajin: a ɗibo, a karkata. Idan ya faɗo guda-guda, a ba ta. Idan ya zuba kamar zare, kada a kusanto da shi bakinta.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, yayyena maza kuma aiki ya kai su wasu garuruwa. A gidan daga Inna sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Shekara ashirin suna zaune tare, kullum cikin musu a kan wa ya bar ƙofa a buɗe, kuma goro ɗaya suke rabawa biyu. Ni ina aure a unguwar Kambarawa, ina koyarwa a wata firamare. Sai muka raba aikin. In zo da sassafe in dama koko in ba Inna, in wuce makaranta. Goggo ta riƙe ta da rana, in dawo bayan la'asar.

Lokacin bazara ne, irin zafin nan na Katsina da ko bango ka jingina sai ya ƙona ka. Inna tana kwance a kan katifa a tsakar ɗaki, idonta na bin duk wanda ya ɗaga moɗa. Ba ta iya roƙo da baki, amma kowa ya san abin da take so. Ni kuwa na zama 'yar sandar gidan. Na sa aka fitar da randa daga ɗakin. Masu zuwa dubiya da rubutu ko ruwan zamzam, sai in karɓa da godiya in dama shi a cikin kunu mai kauri, wasu su tafi suna cewa boko ya yi mini yawa. Goggo ta fi kowa shan faɗana. Kullum kafin in fita sai na maimaita mata dokar kamar 'yar aji ɗaya, ita kuma ta ce ta ji, ai ba kurma ba ce. Tsumma mai tsabta nake jiƙawa in goga wa Inna a leɓe, sai ta kama shi da haƙora tana tsotsa. Abin yana karya mini zuciya, amma ban taɓa sassautawa ba, kuma gaskiya ina jin kaina a kan haka.

Mun yi wata biyu a haka, har ta fara motsa yatsun hannun da ya shanye.

Ranar wata Talata ce aka fara jarrabawa a makarantarmu, kuma ni ce zan karɓi takardun ajina ƙarfe takwas. Shugaban makaranta ya riga ya yi mini magana sau biyu a kan makara, na biyun a gaban mutane. Ranar na daɗe a bakin titi ban sami abin hawa ba. Na iso gida na tarar Goggo ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa, gawayi kuma ya sha ruwan saman da aka yi da daddare, da ƙyar ya kama. Duk da haka kokon ya yi kyau. Ya yi kauri yadda ake so, har ludayi na tsayawa a ciki. Sai dai zafi, ko hannu ba a iya riƙe kofin.

Yadda na saba shi ne in juye shi a faranti mai faɗi, in ɗora a kan ruwan sanyi, in tafi in gyara wa Inna shimfiɗa, kafin in gama ya huce da kaurinsa. Wannan yana cin kamar minti goma sha biyar. Na duba agogon wayata, na ga ba ni da su. Sai na yi abin da kowace uwa ke yi idan yaro na kukan yunwa: na ɗauki ludayi ina ɗibowa ina ɗagawa sama ina sakewa, ina juyawa da ƙarfi. Da na ga bai yi mini sauri ba, na ɗauko kofi na biyu ina sheƙa shi daga wannan zuwa wancan. Cikin ɗan lokaci ya huce.

Na ɗibo da cokali, na karkata. Ya zuba kamar zare.

Na gani da idona. Ban manta gwajin ba, ban kuma yi shi cikin duhu ba. Na tsaya da cokalin a hannu ina lissafin lokacin da sabon damu zai ci, da fuskar shugaban makaranta, sai na ce wa kaina ai bai tsinke sosai ba, kuma ai Inna ta samu sauƙi kwanan nan. Na tayar da ita zaune, na jera mata matasai a baya, na yi bisimilla. Cokali na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku ta ƙware.

Tarin mai shanyewar jiki ba irin namu ba ne, ba shi da ƙarfin fitar da komai. Wani ɗan guntun tari ne, a jiƙe, yana fitowa yana komawa. Idanunta suka yi ja suka kawo ruwa, hannunta mai lafiya ya damƙe wuyan hannuna. Na sunkuyar da ita ina bubbuga bayanta ina cewa sannu, Inna, sannu. Ina jin wani abu na ƙara a ƙirjinta, kamar buta ta kusa ƙarewa. Bayan wasu mintoci tarin ya lafa, numfashinta ya daidaita. Na goge mata baki. Na kai sauran kokon na zubar a makwarara, na bi shi da ruwa, na wanke kofunan biyu na kife. Da na leƙo in yi mata sallama, tana kallona. Ba harara ba ce, ba kuma tambaya ba, kallo ne kawai, kuma ta bi ni da shi har na saki labule.

A soro na haɗu da Goggo tana dawowa. Ta tambaye ni ko Inna ta sha, na ce ta sha kaɗan, ta dama mata wani in an jima. Na isa makaranta saura minti goma takwas ta cika. Takardun jarrabawar ba su iso ba sai wajen ƙarfe tara.

Ranar Alhamis zazzaɓi ya rufe Inna. Juma'a muka koma asibiti tana numfashi da ƙyar. Likita ya saurari ƙirjinta, ya aika mu hoto, ya ce wani abu ya shiga huhun dama ya zama ciwo. Ya tambayi me ake ba ta. Na ce koko mai kauri, kamar yadda aka ce, ban taɓa ba ta ruwa ba. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta fito mini da sauƙi. Goggo na tsaye kusa da ni, kanta a sunkuye. Ranar Laraba ta sama, bayan azahar, Inna ta cika.

A zaman makoki na sha yabo har na rasa inda zan sa kaina. Mata suna shigowa suna cewa samun 'ya irina sai an tona, wata biyu ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yayyena suka yi ta sa mini albarka. Ina amsawa da amin, ina jin kamar in tashi in gudu.

Na yi imani kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Amma imanin bai hana ni jin tarin ba. Ba fatalwa nake nufi ba, Inna ba ta taɓa zuwa mini ko a mafarki ba, kuma da ta zo da na fi so. Tarin ne kawai. Ina cikin rubutu a allo yaro ya yi tari a bayan aji, sai alli ya tsaya a hannuna. Ina wanke-wanke ruwa na gangarawa a makwarara, sai in ji shi a ƙarƙashin ƙarar ruwan. Na daina dama koko a gidana. Na ce wa maigidana warin gasara ke tayar mini da zuciya, ya yarda, aka koma saye. 'Yar mai koko guda, 'ya'yanta na shan na wasu.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana a ɗakin malamai, na tambayi wani abokin aikinmu mai koyar da kimiyya, kamar da wasa, me ya sa ɗanyar gasara ke tauri idan an matsa ta, dafaffiya kuma ta tsinke. Mutumin dama neman mai tambaya yake, har gyara zama ya yi. Ya ce ɗanyar gasara ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri, cunkushe a cikin ruwa kaɗan. Idan aka bi su a hankali, ruwan na samun lokacin ratsawa tsakaninsu, sai su zame wa juna. Idan aka danna farat ɗaya, sai su cije wuri guda, ba mai wucewa. Ya ce haka sitacin wanki yake yi kafin a zuba masa ruwan zafi. Idan kuwa aka dafa, ƙwayoyin na kumbura su fashe, su saki wasu siraran zaruruwa da ke sarƙewa su riƙe ruwan, wannan shi ne kaurin. Juyawa da ƙarfi na warware sarƙar, wani wurin ma ya tsittsinka ta, sai ruwan ya samu hanya. Na tambaye shi, idan aka bar shi ya huta fa, kaurin na dawowa? Ya ce ba duka ba, amma idan ya zauna yana hucewa, wani abu zai dawo. Na ce kamar minti nawa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ko minti goma ma za a ga bambanci.

Na yi masa godiya, na shiga bayi na kulle ƙofa. Ban fito ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Tsakanina da Goggo kuwa wani abu ya shiga tun ranar rasuwar. Mace ce mai surutu da tsokana, amma idan na je gidan sai ta yi shiru, ta gaishe ni kamar baƙuwa, ba ta haɗa ido da ni. Na tabbatar wa kaina ta sani. Wataƙila ta ga ragowar kokon a makwarara, ko ta ji tarin ta katanga. Sai na rage zuwa. Ina aika mata cefane da atamfar Sallah daga Babbar Kasuwa, in je in gaishe ta a tsaitsaye, in ce ina sauri. Wannan kam ba wanda zai ce ƙarya nake. Haka muka yi shekara shida.

Sai tsufa da ciwon ƙafa suka kwantar da ita, jikokinta na kula da ita a ɗakin da Inna ta yi jinya. Wata rana ta aiko a kira ni, ta ce in zo ni kaɗai. Na je bayan la'asar, na shirya jin abin da na daɗe ina gudu. Ta sa aka ba mu wuri. Ta rame ƙwarai, muryarta ta dushe. Bayan mun gaisa ta kamo hannuna.

"Ɗiyata, akwai maganar da nike son in gaya maki tun ba a rufe mani baki ba. Ranar Talatar nan, da kika tahi makaranta."

Na ce ina jin ta.

"Da rana ta take, zafi ya yi zafi, na shigo da moɗa zan sha. Ta kahe ni da ido. Ta ɗago hannun nan mai lahiya tana miƙo mani. Shekara ashirin muna tare, ban taɓa ganin ta roƙi kowa komi ba. Na ce ɗan kaɗan dai, mi zai yi? Na ba ta. Ta sha kamar makwarwa ukku, sai ta ƙware. Ta daɗe tana tari." Ta tsaya ta huta. "Da likita ya tambaya, kika ce ba a taɓa ba ta ruwa ba, na so in yi magana, na kasa. Ni na kashe maki uwa. Ki yahe mani."

Zan faɗi abin da na ji, ko da ba shi da kyau. Sanyi na ji. Wani nauyi ya ɗaga daga ƙirjina a karo na farko cikin shekara shida, har sai da na ja numfashi. Ashe ba ta sani ba. Ashe duk sunkuyar da kan nan nata ne, ba nawa ba. Daga bayan sanyin sai kunya ta biyo, don ga tsohuwa a gabana tana kuka a kan abin da ni na riga ta yi da safiyar ranar. Maganar tana bakina, ba ta fi jimla biyu ba. Da na faɗa, da ta san ba ita kaɗai ba ce, da ta san wataƙila ma ƙirjin ya riga ya jiƙe kafin ta shigo da moɗar.

Na ce, "Haba Goggo, kwana ne ya ƙare. Na yafe miki duniya da lahira."

Ta matse hannuna tana hawaye. "Allah shi yi maki albarka. Ke kau kin yi naki, ko sau guda ba ki kuskure ba. Ni ce ban ji magana ba."

Na ce amin. Na gyara mata matashi, na zauna har aka kira magariba.

Kwana tara ta yi bayan nan. Kullum ina zuwa, kullum a hanya ina shirya yadda zan fara, in na zauna sai in tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi, mu yi hirar mutanen da. Ta sake da ni, har tsokanar ta dawo, tana cewa na yi ƙiba. Jikokinta suka ce tun ranar da muka keɓe take barci sosai, sai na riƙe wannan ya zama hujjata, na ce kada in dagula mata. Ni na san ba don ita na yi shiru ba. A rana ta tara na iso da safe na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Har yau ban san ko cokalina ne ko moɗarta ba, kuma babu likitan da zai iya raba mini wannan. Ita dai ta nemi gafara ta samu, a wurin wadda ba ta isa ta bayar ba. Ta tafi tana ganin ita kaɗai ta yi, ni kuma na bar ta ta tafi a haka.